Raddi ga Mai Cewa Manomin Dambatta Ya Koma Kiwon Dodon Koɗi

Wani malamin gona yana ta yaɗa cewa arzikin ƙauyukan arewacin Kano, daga Dambatta da Makoɗa har Kunchi da Bichi, yana cikin kiwon dodon koɗi. Ban zargi niyyarsa ba, amma jarin talaka ake shirin zubawa, don haka shiru bai kamata ba.

Malam ya ce dabbar ba ta cin fili. Haka ne, ɗan akurki ya ishe ta. To amma laima fa? Babban nau'in da ake kiwo, Archachatina marginata, ɗan kurmin kudu ne, inda ruwan sama ke haura milimita 1,500 a shekara. Mu kuwa daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce. In hunturu ya kankama, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai dodon ya shige katantanwarsa, ya toshe baki da busasshen yauƙi, ba ci ba girma. Bazara kuma ta zo da zafin digiri 40. Dole a yi ta yayyafa wa akurkin ruwa safe da yamma, a daidai lokacin da rijiya ta ja baya, yara na dogon zango da jarka.

Ko masu hali a Turai sun ga iyakar kiwon dabba a wajen muhallinta. Akwai ɗan'uwan dodon koɗi na teku marar katantanwa, Chromodoris, mai launi gwanin kyau. Sukan saye shi su saka a akwatin gilashi mai ruwan gishiri da injin tacewa, amma yunwa ke kashe shi, domin wani soson teku takamaimai yake ci, ba shi kuwa a akwatin.

Malam ya ce abincinsa ganye ne da ake zubarwa. Wane ganye? Tun shekarun 1960 wani mai bincike, Michael Mortimore, ya nazarci wannan karkara mai cunkoso, ya nuna yadda gona da dabba ke riƙe da juna. Harawa da karmami na tumaki da awaki ne, kara na danga da girki, takin kuma ya koma gona. Da rani ɗanyen ganye sai a lambu, kuma da kuɗi.

Batun halacci na yarda da shi. A littafin Mudawwana, Imamu Malik ya daidaita hukuncin dodon koɗi da na fara. Sai dai halacci daban, kasuwa daban. Tsadar da Malam ke ambato ta Legas ce da Ibadan. A Kano masu cinsa galibi 'yan kudu ne mazauna Sabon Gari, kuma daga can kudun ake kawo musu. Rago kuwa, ko ba Sallah ba, manomi zai kai shi kasuwar Dambatta ran Lahadi ya dawo da kuɗinsa a aljihu. Malam ya fara nuna mana dillalin da zai karɓi kwandon dodon koɗi a wannan kasuwa, da farashin da zai biya.