Daga Zauren Kanvili: Tafiyar da Ba a Yi Ba

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen tamaula mu leƙa wasan kurket. Mun san wasu za su ce ina ruwan Kanvili da wasan Turawa, to a yi mana haƙuri.

Wasan nan ya daɗe a ƙasarmu. Tun 1904 'yan wasan Gol Kos suka tafi Ikko suka kara da na can, suka dawo da nasara. Ke nan kurket ta riga ƙwallon ƙafa haɗa Gana da Nijeriya a fili ɗaya.

A 1976 ƙasashe huɗu, wato Gana da Nijeriya da Saliyo da Gambiya, suka shiga hukumar kurket ta duniya da suna guda, Afirka ta Yamma. Dalili kuwa, kowace ita kaɗai ba ta da ƙarfi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar ta je Ingila a 1982, ta je Kenya a 1994, sannan Malesiya a 1997, duk don neman gurbi a gasar cin kofin duniya. Ba ta taɓa samun gurbin ba, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutanen da ke zaune ƙasa huɗu, ba sa haɗuwa sai tafiya ta ƙarato.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne na 2001. An shirya gasar a Toronto ta Kanada, an zaɓi 'yan wasa, sun yi atisaye, sai aka hana su biza. Ko filin ba su gani ba. Duk wanda ya taɓa kwana a mota daga Tamale zuwa Akra da fasfo a aljihu, ya bi layi tun asuba, ya dawo hannu rabbana, ya san yadda suka ji. Kakanninmu fatake kuwa sun yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga da jakunan goro, ba wanda ya tambaye su takarda. Ba a jima ba ƙungiyar ta watse, Gana ta shiga hukumar da sunanta a 2002.

A watan Maris na 2024 aka sa kurket cikin Wasannin Afirka a Akra, aka buga a filin Achimota. Zimbabuwe ta kwashe zinariya maza da mata, 'yan matan Nijeriya suka zo na uku.

To ina yaranmu? Tamale na da babban filin wasa na Aliu Mahama tun 2008, amma wanda ya zaga Kanvili da la'asar tamaula kawai zai gani. Sanda da ƙwallo da fili mai tauri ake bukata a fara, kuma fili ba ya yi mana wuya a rani. Muna roƙon malaman wasanni na makarantunmu su rubuto mana, mu ji ko akwai mai son gwadawa.