Cin Abinci a Legas: Ribar Tana Kan Faranti

Duk ɗan kasuwar da harka ta kai shi Legas ya san cewa cin abinci a waje ya zama dole, domin cinkoson motoci ba ya barin mutum ya koma masauki da rana. Wannan lalura ce ta haifar da babbar sana'a wadda ya kamata 'yan kasuwar Arewa su dube ta da idon basira.

Kamfanin UAC ne ya buɗe Mr Bigg's a unguwar Marina a 1986. Sweet Sensation ya biyo baya a 1994, Tantalizers a Festac a 1997, sannan Chicken Republic a 2004. Bayan haka kamfanonin ƙetare suka shigo: KFC a 2009, Domino's a 2012. Ko shakka babu, masu jari ba sa tururuwa zuwa inda babu riba.

Ga baƙon da ke neman inda zai ci, shawara ta kasu gida uku. Idan ana son karrama abokin ciniki, manyan gidajen abinci na Victoria Island da Ikoyi sun fi dacewa, amma a duba takardar kuɗi da kyau. Akwai harajin VAT, wanda ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020. Akwai kuma harajin kashi 5 cikin 100 da dokar jihar Legas ta 2009 ta ɗora wa otal-otal da gidajen abinci. Wasu wuraren ma sukan ƙara ladan hidima. Musulmi kuma ya tambayi irin naman da ake dafawa kafin a zuba masa. Idan kuwa abincin rana ne na gaggawa, gidajen da aka ambata a sama suna da tsayayyen farashi, buka kuma ta fi su araha ga mai son amala ko sakwara. Da dare sai a nufi wajen masu tsire da balangu a Obalende, ko Glover Court a Ikoyi, ko titin Allen a Ikeja. Mai marmarin tuwo da masa ya nemi Agege ko Idi-Araba.

Abin lura a nan shi ne, akasarin tumatir da albasa da attaruhun da ake sauke wa a kasuwar Mile 12 daga Arewa suke zuwa, haka ma shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ta Agege. An ga tabbacin haka a 2021, lokacin da fataken abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, farashi ya yi tashin gwauron zabo a Legas. Amma falke ne ke ɗaukar kuɗin mota da asarar ruɓewar kaya a hanya, mai gidan abinci kuwa ya sayar da kwando guda a faranti da yawa. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a iya cewa sana'ar tana da haɗari, kuma gaskiya ne. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira sun tsawwala kuɗin sufuri da na gas, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, ga tsadar haya da wutar lantarki. Sai dai wanda yake sayen kayan miya da nama tun daga tushe ya fi kowa iya jure irin wannan matsi.

Saboda haka ya dace ƙungiyoyin fatake su haɗa jari su buɗe tsabtatattun gidajen abinci masu rajista da lissafi a rubuce, inda za a sayar da tsire da kilishi da tuwon shinkafa da fura da nono a ƙarƙashin suna ɗaya. Bankuna ba sa ba mai tukuba a bakin titi rance, amma suna sauraren kamfanin da ke da littafin ciniki. Kayan suna hannu, gwanintar tana hannu, masu saye kuma sun daɗe da sabawa da ɗanɗanon. Tsari ne kawai ya rage.