Agogon Taitaniyam da Yashin Hanya



Akwai wani ƙorafi da ke yawan fitowa daga bakin masu sayen agogon zamani, irin wanda ake haɗawa da waya, mai ƙirga taku da auna bugun zuciya. Mutum ya zuba maƙudan kuɗi ya sayi na taitaniyam, don an ce masa da wannan ƙarfe ake ƙera jirgin sama. Ba a yi wata guda ba sai ya ga gefen agogon ya karce, sai ya ce jabu aka sayar masa. Sau da yawa ba jabu ba ne. Halin ƙarfen ne haka.

Tun a 1970 kamfanin Citizen na ƙasar Japan ya fitar da agogon hannu na taitaniyam, kuma abin da ya ja hankalin maƙera agogo zuwa gare shi tun daga lokacin shi ne rashin nauyi. Idan aka ɗauki guntu biyu masu girma ɗaya, nauyin taitaniyam bai kai kashi 60 cikin ɗari na ƙarfen silba ba. Ga shi ba ya tsatsa, gumi ba ya cin sa, ruwan gishiri ma haka. Jiki ba ya ƙin sa, shi ya sa likitoci ke ɗaure karaya da shi, suna dasa haƙori a kansa. Ga wanda ke shan zafin bazara a Sakkwato ko Maraɗi, hannu sharkaf da zufa, ga alwala sau biyar a yini, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Amma ƙarfe ya jure nauyi bai karye ba daban, fuskarsa ta jure karta daban. Injiniyoyi na auna taurin fuska da ma'aunin Vickers. A kan wannan ma'auni, tsantsar taitaniyam da ake kira aji na 2 bai cika wuce 200 ba, wato kusan kai ɗaya da silbar agogon da muka saba. Aji na 5, wanda ake gauraya masa kashi 6 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, yana kaiwa wajen 350. To yashi fa? Ƙwayar ma'adinin da ta fi yawa a cikin yashi ta haura 1,000. A nan gizo ke saƙa. Bangon bulo, daɓen siminti, tayil, ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan komai, duk akwai abin da ya fi jikin agogon tauri a cikinsu. Mai agogo ya sa hannun riga ya goge ƙura a bushe, da hannunsa yake karce kayansa bai sani ba.

Gilashin kuwa labarinsa daban. Masu tsada irin su Apple Watch Ultra, da ya fito a 2022 a kan dala 799, da Galaxy Watch Ultra na Samsung na 2024, suna zuwa da gilashin safaya, wanda taurinsa ya kai wajen 2,000. Yashi ba ya iya masa komai. Shi ya sa za ka ga fuskar agogo tas kamar yau aka saya, gefensa kuma duk zane.

Kamfanoni sun san da wannan, sai suka koma ga shafe. A 2024 Apple ya fito da baƙin Ultra 2, an lulluɓe shi da wani shafen sinadarin gawayi da ake kira DLC, mai taurin da ake kwatantawa da na daimon. Garmin ma ya daɗe yana sa shi a wasu agogunansa na Fenix. Maganar gaskiya, shafen yana aiki. Gogar makulli, zif ɗin jaka, gefen tebur, yawanci ba sa barin alama, wani lokaci ma abin da ake gani kamar karta ɓurɓushin abin da ya gogi agogon ne, a sa ruwa ya fita. Matsalar ita ce kaurinsa bai kai na silin gashi ba, kuma ƙarfen da ke ƙarƙashinsa bai kai shi tauri ba. Kamar a ɗora farantin tangaran a kan katifa ne a taka. Ranar da kusurwar agogon ta daki dutse ko ƙofar mota da ƙarfi, ƙarfen zai lotsa, shafen ya ɓantare, farin ƙarfe ya leƙo a tsakiyar baƙi. Kuma wannan ba gyaran teburin mai agogo ba ne, ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, domin a cikin wata na'ura da aka zuƙe wa iska ake yin shafen.

Shi ya sa a ganina, ga mai aikin hannu, direba, injiniyan gini, ko mai yawo a babur, agogon da aka bari da launinsa na asali ya fi. Zai riga baƙin karcewa, babu musu. Sai dai ciki da waje launi ɗaya ne, kuma taitaniyam da ya sha iska yakan yi wata 'yar fata ta kansa, sabon zane ya dusashe ya saje da sauran jiki. Wanda aka goge yana ƙyalli kamar madubi kuwa, shi ya fi kowanne tona asirin karta, ko da ta kai siririn zare.

Sannan a tuna, jikin agogon ba shi ne zai fara gajiya ba. Batirin da ke ciki yakan fara rauni bayan 'yan shekaru, daga baya kamfani ya daina aiko da sabuwar manhaja, alhali taitaniyam ɗin ko gezau. Kafin lokacin, idan ƙura ta hau, a fara ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, sannan a goge da ƙyalle mai laushi.