Na Sha Romon Tailan A Yalwa

Yau ku yi mini afuwa, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, zancen ciki ne.

Ranar Juma'a ƙanina ya zo mana Yalwa daga Kano, ya miƙo mini wasu 'yan ledoji uku na taliya, ya ce, "Yaya, ke da kike cika baki kan cin yaji, ga wadda za ta gwada ki." Sunanta Mama, daga ƙasar Tailan. Sai da na juya ledar na ga tambarin halal kafin na ɗora tukunya. Ita ba a tsane ta kamar yadda masu shayin Rano ke yi wa Indomie da ƙwai, cikin romonta ake shan ta.

Cokali na farko tari ya sarƙe ni, yara suna ta dariya. A na uku kuwa sai na yi shiru, don na san wannan ɗanɗanon. Tsami ne da yaji suka haɗu, kamar faten tsaki da ya ji yakuwa da attaruhu. Miyar da suka kwaikwaya sunanta tom yum. Ana yin ta da ruwan lemon tsami, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefawa a shayi, da wani saiwa ɗan'uwan citta, da barkono, da jatan lande, sai ruwan kifi da aka tsima da gishiri, wanda shi ne daddawarsu. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa miyar cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu.

To a nan ne abin ya tsaya mini a rai. Wani Bajapane ne, Momofuku Ando, ya ƙirƙiro taliyar leda a 1958. Da ta isa Tailan, mutanen can suka ɗauki miyar iyayensu suka busar, suka ƙulla a ciki, har ga shi ta iso ƙauyenmu. Mu fa? Indomie daga Indunusiya ta taso, ta shigo Nijeriya a 1988, yau yaron da bai iya alwala ba ya san sunanta. Ban taɓa cin karo da leda mai ɗanɗanon miyar kuka ko ta yakuwa ba, alhali ga tsamiya tana zuba a bayan gida, ga daddawa, ga alkamar Kadawa da ruwan dam ɗin Tiga ke shayarwa, nan kusa da mu.

Kuma kada a ce ba mu san taliya ba. Ni da taliyar Hausa na tashi, wadda mata ke murzawa da ɗan inji su shanya a kan igiya, a ci da manja da yaji. Da kuɗinta mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Yanzu 'ya'yana sai na yi da gaske suke cin ta, wai ta tsofaffi ce. Ban ga laifinsu sosai ba, ta leda minti uku ta nuna. Masu kuɗinmu na Kano nake tuhuma, waɗanda za su iya kafa injin busar da miyarmu amma suka gwammace saro ta wasu.

Leda ta biyu na kai wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu da har yanzu take murza taliya. Ta farke ƙullin yajin, ta shinshina, ta lasa, sannan ta dube ni.

"'Yar nan, wannan har sai an hau jirgi? Ai tsamiya ce da citta. Miƙo mini turmi."