A Gyara Kwamfuta, A Bar Wa Ɗanjuma Ƙugiyarsa

'Yan'uwana malamai, ga wani abu da na gani sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta cikin Sabo ta Badun, unguwar nan da Hausawa fataken goro da shanu suka kafa tun 1916.

Da jarrabawa ta matso, magatakarda ya zuba sunayen yara cikin kwamfuta mai Linux, ya ba ta umurnin sort, watau ta jera su bi da bi. Sai ga Ɗanjuma da Ƙasimu can ƙarshe, bayan Zubairu. Mai raba kujeru ya duba wajen D bai ga Ɗanjuma ba, ya ce ba sunansa. Yaro ya daɗe tsaye a waje yana hawaye.

To, me ya kawo haka? An bar kwamfutar nan bisa tsarin da ake kira C, wanda bai san harshen kowa ba, lambar harafi kaɗai yake dubawa. Lambar D 68 ce, ta Z 90, amma ta Ɗ 394, ta Ƙ kuwa 408. Ashe ba makawa su koma kurar baya.

Abin da ya fi ɓata mini rai maganin da magatakarda ya yi. Sai ya bi sunayen ya cire ƙugiya, Ɗanjuma ya zama Danjuma. Haba! Yaran Sabo fa, Yarabanci a kasuwa, Turanci a aji. In suka ga malamansu sun yar da ƙugiya, wa zai nuna musu bambancin kafa da ƙafa, ko kara da ƙara?

Alhali kuwa gyaran ba wuya. Akwai tsarin Hausa mai suna ha_NG, wanda ke ajiye ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Sai a rubuta LC_ALL=ha_NG a gaban sort. Amma a yi hattara, in ba a girka tsarin a kwamfutar ba, shiru za ta yi ta koma kan C. Lalle a fara buga locale -a, a ga ko yana ciki.

Na roƙi hedimasta, aka girka shi, aka mai da ƙugiyoyi, aka sake buga jerin. Ɗanjuma ya sami kujerarsa bayan Dauda.