Ramin Da Ba Shi Da Rufi Ma Yana Binne Mutum

Ranar 22 ga Fabrairun 2023, bangon wata buɗaɗɗiyar mahaƙar kwal a yankin Alxa na Mongoliya ta Gida, a ƙasar Sin, ya zaftare ya rufe ma'aikata da motocinsu. Rayuka 53 suka salwanta. Kafin nan, ranar 29 ga Disamban 2016, tulin ƙasa ya gangaro wa masu aiki a mahaƙar Lalmatiya ta jihar Jharkhand a Indiya, ya halaka mutum 23. Duk waɗannan mutane a fili suke aiki, babu rufi a kansu.

Masu kamfanoni sun daɗe suna cewa haƙar kwal a sarari ta fi ta ƙarƙashin ƙasa aminci. Akwai gaskiya a ciki, domin iskar gas ba ta taruwa kamar yadda take yi a kogo. Amma wannan rabin gaskiyar ta zama bargon rufe sakaci.

A dubi yadda ake yanka ramin. Bangonsa hawa-hawa ake yi, kamar matakala, don ƙasa ta zauna. Idan aka kwantar da bangon, dole a kwashe ƙasa mai yawa kafin a kai ga kwal, kuma kowace tifa kuɗi ce. Idan aka miƙar da shi tsaye, riba ta ƙaru, haɗari ma ya ƙaru. Ke nan tsayuwar bango lissafi ne da wani ya yi a ofis, wanda kuma zai biya kuɗin kuskuren yana can gindin rami. Ruwa ba ya tsami banza: bango kan tsage daga sama, ya yi tsatsar ruwa, ya zubar da tsakuwa kafin ya rufto. Binciken gwamnatin Sin kan abin da ya faru a Alxa ya ɗora laifi a kan kamfanin da jami'an da aka ɗora wa sa ido.

Zaftarewa ce ke shiga labarai, sauran kashe-kashen a ɓoye suke. Direban babbar motar ɗaukar kwal yana zaune can sama, ba ya ganin ƙaramar mota ko mutumin da ke tsaye daf da tayarsa. Nakiya kan wurga dutse nesa da inda aka nufa. Mai huda dutse yana shaƙar ƙurar silika, wadda ke sandarar da huhu a hankali, cutar da ba ta warkewa, kuma takan bayyana bayan mutum ya bar aiki ya koma gida yana tari. A 2024 Amurka ta rage iyakar wannan ƙura a mahaƙai zuwa maikirogiram 50 a kowace mita kubik ta iska.

Maganar ba ta nesa ba ce. Kwal ɗin Maiganga a jihar Gombe da na Anu Araren kusa da Cirozerin a Nijar duk a buɗaɗɗen rami ake haƙar su, kuma damina ba ta tambayar sunan ƙasa kafin ta jiƙa bango.

Yarjejeniya mai lamba 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1995, ta ba mahaƙi 'yancin janye jikinsa daga wurin da ya ga haɗari mai tsanani. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya, ta 2010, ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni. Sai dai leburan ɗan kwangila da ake biya kullum ya san cewa ranar da ya ce bango ya tsage, wani zai gaji shebur ɗinsa. Haƙƙin da mutum ba zai iya nema ba sai ya rasa abincinsa, a takarda kawai yake.

Saboda haka wajibi ne kowace mahaƙa ta riƙa wallafa adadin waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka mutu, har da na 'yan kwangila. A riƙa auna huhun ma'aikata, a kuma hukunta duk wanda ya kori mai kawo gargaɗi. Mutuwa ta Allah ce, amma wanda ya ga tsaga a bango ya ce a ci gaba da lodi ba shi da bakin kiran sunan ƙaddara.