Kwale-kwalen Da Ake Gyarawa A Bidiyo Da Wanda Ke Kifewa A Gulbi

Idan kai ma'abocin TikTok ne ko YouTube ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani mutum a Amurka zai sayo tsohon kwale-kwalen kamun kifi na alminiyam, wato goran ruwa, ya ja shi zuwa bayan gidansa. Ganye ya cika shi, fenti ya ɓare, katakon jikinsa ya ruɓe. Cikin minti goma na bidiyo ka ga an kankare, an wanke, an ɗaure, an fesa fenti, ya fito fes kamar yau aka sauke shi daga kamfani. Mu kuma mu danna alamar so, mu rubuta "Bature ba dama", mu wuce.

A wannan wayar dai, idan ka ƙara gangarawa ƙasa kaɗan, musamman da damina, za ka tarar da labarin wani kwale-kwalen, namu na gida, wanda ya kife da mutane. Nan ma mu rubuta ta'aziyya, mu wuce. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne alaƙar waɗannan abubuwa biyu, domin a ganina akwai darasi a bidiyon farko da ya shafi labari na biyu kai tsaye.

Mu fara tuna abin da ya faru a 'yan shekarun nan. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako ya dare a kogin Neja kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, da mutum fiye da 150 a cikinsa, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwambar wannan shekarar, a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, kwale-kwale ya nutse da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. A watan Yunin 2023, 'yan biki da ke komawa gida da daddare a yankin Patigi na jihar Kwara suka yi hatsari, mutum fiye da 100 suka rasu. A farkon Oktoban 2024 aka sake yin wani a Gbajibo, ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja, shi ma da daddare, jirgin cike da mata da yara. A watan Agustan 2025 kuma sai ga na 'yan kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, dalilan da hukumomi ke lissafawa kusan iri ɗaya ne: lodin wuce kima, tafiyar dare, kututturen da ke ƙarƙashin ruwa, rashin rigar kariya, da tsufan jirgi. Wannan na ƙarshen shi ne ba mu cika tsayawa a kansa ba. Mu da muke karantar aikin jarida ma, an fi koya mana tambayar mutum nawa suka mutu, ba kasafai za ka ji an tambayi shekarun jirgin nawa, ko yaushe rabon a duba cikinsa ba.

To bari mu koma kan bidiyon, mu cire kiɗan da saurin da aka ƙara masa, mu ga me mutumin yake yi a zahiri.

Irin kwale-kwalen nan yawanci ƙarami ne, mai shimfiɗaɗɗen ciki, tsawonsa bai cika wuce ƙafa 12 zuwa 16 ba, na mutum biyu zuwa huɗu. Sun yawaita a Amurka ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masana'antun da suka ƙware wajen ƙera jiragen sama da alminiyam suka koma neman abin da za su sayar wa farar hula. Kamfanin Grumman, mai ƙera jiragen yaƙi, yana cikin waɗanda suka shiga yin kwale-kwale a lokacin. Shi ya sa za ka ga jirgin da ya girmi mai gyaransa, amma har yanzu yana da sauran amfani.

Abu na farko da mai gyara yake yi ba fenti ba ne. Zai tuɓe duk wani katako da tsohon shimfiɗi, ya bar gangar jirgin tsirara. Sai ya ɗora shi a kan wani abu mai tudu, ya zuba ruwa a cikinsa, ya tsuguna yana leƙen ƙasan. Duk inda ya ga ɗigo, ya zagaye wurin da alli. Ka ga wannan gwajin ba ya cin ko sisi, ruwa ne da alli da haƙuri kawai. Amma shi ne yake gaya maka gaskiyar jirgin kafin ka ɗora masa rai.

Yawancin yoyon daga ƙusoshin rifit yake fitowa, waɗanda suka haɗe fallayen alminiyam ɗin, domin shekaru da girgizar inji suna sassauta su. Gyaransu aikin mutum biyu ne: ɗaya ya tokare kan ƙusar da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ɗayan ya buga ta ɗaya ɓangaren har ta matse. Wadda ta gaji a huje ta, a sa sabuwa ta alminiyam. Nan akwai wani ilimi da ya kamata ka riƙe. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma idan ya haɗu da wani ƙarfe daban, kamar jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe, a wuri mai danshi, sai ya riƙa cinyewa a hankali, ya yi farin gari, ya yi ƙananan ramuka. Don haka wanda ya ɗauko kowane noti a kasuwa ya ɗaure jirginsa da shi, ya toshe ƙofa ɗaya ne ya buɗe goma. Ruwan gishiri ya fi saurin wannan ɓarnar, wanda hakan ke nufin koguna da tafkunanmu na Arewa sun fi sauƙi ga irin wannan jirgi.

Daga nan sai bangon baya, inda ake rataya inji. A cikinsa akwai katako mai kauri, kuma shi ne ya fi saurin ruɓewa. Idan ya ruɓe, inji na iya tsage bayan jirgin ana tsakiyar tafiya. Sai a yanko sabo, a shafe shi da gam mai hana ruwa shiga, a mayar. Inda jikin jirgin ya tsage kuwa sai walda, kuma ba irin waldar ƙofa da taga ba. Alminiyam yana narkewa a zafin da ya kai kusan digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe, sai dai ka ga ya zube ya bar rami. Yana buƙatar inji na musamman da iskar gas ta agon, da hannu mai horo.

Akwai abubuwa biyu kuma da bidiyon kan wuce su da sauri, alhali su ne suka fi shafarmu. Na farko, a ƙarƙashin kujerun akwai soso mai tauri, irin na jikin kular ƙanƙara. Aikinsa shi ne ko jirgin ya cika da ruwa, kada ya nutse ƙasa, ya tsaya a sama mutane su riƙe shi har a kawo ɗauki. Idan sosan ya tsufa ya sha ruwa, mai gyara na ƙwarai zai cire ya sa sabo. Na biyu, akwai ɗan allo da aka manna a jikin jirgin, an rubuta yawan mutanen da zai ɗauka, da nauyin kaya, da ƙarfin injin da ya dace da shi. Tun shekarun 1970 dokar Amurka ta wajabta wa kamfanoni sa wannan allo a ƙananan jiragen inji da ba su kai ƙafa 20 ba. Ka lura da kyau: jirgin da mutum zai hau shi da ɗansa su je kamun kifi na nishaɗi ke nan. Namu da ke ɗaukar ƙauye guda zuwa kasuwa, da babura da buhunan hatsi da awaki, wa ya rubuta masa iyaka?

Yanzu sai mu zo kan abin da gwamnati ke cewa. Ministan harkokin ruwa da tattalin arziƙin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha yin kira ga jihohi da su daina amfani da jiragen katako wajen jigilar mutane, su koma na faiba da na alminiyam. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, tana da dokokin da suka hana tafiyar dare da lodin wuce kima, suka kuma wajabta sa rigar kariya. An raba dubban rigunan a wasu jihohi. Wannan duk abin a yaba ne, kuma alminiyam yana da fa'idarsa: nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, inji ba ya shan wahalar tura shi, mai ya ragu.

Sai dai akwai tambayoyin da sanarwa ba ta amsawa. Ta farko, kuɗi. Kamfanin narka alminiyam na ƙasa, ALSCON, da ke Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom, ya shafe shekaru ba ya aiki yadda ya kamata, ga rikicin mallaka a kotu. Ke nan fallayen da suka dace da ƙera jirgi sai an dogara da na waje, a farashin dala. Mai fiton da ke karɓar 'yan canji a hannun fasinja, ina zai samo wannan jarin? Ta biyu, gyara. Jirgin katako idan ya yi yoyo a Yawuri ko a bakin tafkin Kainji, akwai kafinta a garin da ya gaji aikin, zai canza falanki, ya cusa tsumma da kwalta. Na alminiyam idan ya tsage, wa zai kama shi? Idan babu, ko dai a ajiye shi a bakin ruwa, ko a manna masa abin da aka samu a ci gaba da lodi. Ta uku kuwa kai ma ka san ta: goran ruwa yana da daraja a wurin 'yan gwangwan. Jirgin da aka yasar ba zai daɗe ba zai koma tukunya.

Don haka a nawa fahimtar, sauya katako da alminiyam kaɗai ba zai tsayar da mace-macen nan ba. Sabon jirgin alminiyam da aka yi wa mutum 30, idan aka loda masa 90 aka shiga ruwa bayan isha'i, kifewa zai yi kamar kowane jirgi. Abin da mutumin bidiyon yake da shi wanda muke da ƙarancinsa shi ne ɗabi'ar dubawa kafin a hau, da sanin iyakar abin hawa. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, ai wannan aikin masu ƙoshi ne. Shi yana da gareji da wutar da ba ta ɗaukewa da kayan aiki, mu kuwa mutanenmu suna hawa ruwa ne don babu hanya, babu gada, wani wurin ma hanyar motar 'yan bindiga sun tare. Wannan gaskiya ne, kuma babu wanda zai ɗora wa talakan ƙauye laifin rashin gada. Jirgi ɗaya ne a mashigin, kasuwa sau ɗaya ce a mako, wanda bai shiga ba ya yi asara. Amma wannan hujjar ai ƙara nuna muhimmancin gyaran take yi. Wanda jirginsa na wasa ne yana gwada shi da ruwa da alli. Wanda jirginsa shi ne motar asibiti da motar makaranta da motar kasuwa fa?

A nan ne nake ganin akwai gurbi ga matasa. Muna da masu walda a kowace unguwa, muna da masu haɗa tagogin alminiyam, muna da maƙeran da ke narka goran ruwa su zuba tukwane. Hannun yana nan, horon ne ya rage. Idan jihohi irin su Neja da Kebbi da Sakkwato da gaske suke wajen sayen jiragen alminiyam, to kowace kwangila ta zo da sharaɗin horar da matasan garuruwan bakin ruwa waldar alminiyam da ɗaurin rifit, a kuma ajiye musu kayan aiki a manyan mashigai. A New Bussa akwai kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kamun kifi da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi, ga kwalejojin fasaha a jihohin. Wurin koyarwa ba shi ne matsala ba. Sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu fito kuma su ne za su iya tsayawa a kan cewa kowane jirgi, na katako ne ko na ƙarfe, a rubuta masa adadin mutanensa da fenti a inda kowa zai gani, a kuma fitar da shi tudu a duba kafin ruwa ya cika.

Kai kuma da ke riƙe da waya, kana da naka rabon. Idan garinku na bakin ruwa ne, ka je mashigi ranar kasuwa, ka gaishe da masu fito cikin girmamawa, ka tambaye su yaushe aka yi wa jirgin gyara na ƙarshe, me gyaran ke ci, me ke hana su yi. Ka ɗauki amsarsu da izininsu, ka wallafa, ka ambato ɗan majalisarku da shugaban ƙaramar hukuma. Idan kuma tafiya ta kama ka, ka dubi cikin jirgin kafin ka zauna. Idan ka ga yaro yana ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, ko ka ga bakin jirgin ya kusa shafar ruwa saboda lodi, ka sauka ka jira sahu na gaba, ka ja ƙannenka su ma su sauka. Za a yi maka dariya, a ce ɗan boko matsoraci. Ka bar su su yi.